Gauɗen da Ya Yi wa Kura Ƙarya

Ban taɓa ganin yatsun Kaka Tabawa da launin yatsun mutane ba. Baƙi ƙirin suke tun daga farce har gaɓa ta biyu, domin ita ce mai zanen gauɗe a tungarmu, wani ɗan ƙauye arewa da Gangara, inda in mutum ya yi sammako yakan taka ƙasar da Faransa ke mulka kafin rana ta yi tsaka. Ita ta haifi Babanmu. Bayan girbi takan ɗauki ƙwarya ta shiga daji ta tsinko 'ya'yan gauɗe, ta fasa su, ta niƙe ƙwayar ciki a kan wani ɗan dutse, ta ɗiga ruwan toka. Sai ta tsoma tsinke ta ja wa yarinya layi daga goshi zuwa karan hanci, ta yi mata ɗigo-ɗigo a kumatu. A lokacin ba ka ganin abin kirki. Sai gari ya waye zanen zai fito baƙi, ya yi kwanaki bai goge ba. Duk jajibirin kasuwar Sabon Birni ƙofar ɗakinta cike take da 'yan mata.

A wurinta na koyi cewa gauɗe iri biyu ne. Daga nesa ba ka raba su: gajeru ne, rassansu a murɗe da tauri, furensu fari da ƙamshi, in ya kwana biyu ya koma rawaya. Amma ɗaya 'ya'yansa sukan nuna su yi laushi, yara su sha. Ɗayan kuwa ko ya shekara a jikin itace ba ya taunuwa, kamar ka ciji muciya. Shi ake kira gauɗen kura.

Lokacin ɗari, da an gama cin tuwo, Kaka takan sa mu tara karan dawa a ƙofar ɗakinta mu hura wuta. Mu zauna, ni da yayata Sa'a wadda ta girme ni da shekara uku, da 'ya'yan maƙwabta. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta miƙa ƙafafunta wajen wuta ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tahe, ko takalmi ba ta da shi." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Tatsuniyoyinta da yawa na gane su tun a daren da na ji su. Mai rowa ya ji kunya, mai haƙuri ya samu, a tashi a kwanta. Ɗaya ce tak ta tsaya mini a wuya, ina 'yar shekara tara, kuma ga ni yau da jikoki ban haɗiye ta ba.

Ta ce a zamanin da itatuwa ke magana, akwai gauɗe biyu a bakin wata hanya, wa da ƙane, dukansu 'ya'yansu zaƙi gare su. A shekarar nan Zaki ya so a haƙa masa rijiya a kan dutse, ya ɗora wa Kura aikin kamo masa masu haƙa, gida-gida. Wanda duk aka kai bakin rijiyar ba ya dawowa. Wata rana Kura ta biyo wasu marayu biyu, yaro da ƙanwarsa, suka yi ta gudu har suka iso wurin gauɗen nan. Yaron ya faɗa ƙarƙashin babban ya ce a ɓoye shi. Babban ya ce, "Inuwata taka ta. Amma ka sani, in an tambaye ni, ban taɓa ƙarya ba." Yarinyar ta shige ƙarƙashin ƙaramin. Shi kuwa sai ya sauke rassansa ya rufe ta.

A nan Kaka takan karkata kafaɗa ɗaya, ta shaƙe murya, ta zama Kura.

"Gauɗe, gauɗe, wa yab biyo hanyag ga?"

Babban ya ce, "Yaro na nan ƙarƙashina." Kura ta jawo shi ta ɗaure. Ta juya wajen ƙaramin. Ƙaramin ya ce tun safe bai ga kowa ba sai ƙuda. Kura ta ce ya rantse. Ya ce, "In na yi ƙarya, bakina shi bushe." Kura ta tasa yaron gaba ta tafi, yarinyar ta tsira.

Muna jira mu ji ladar ƙaramin, sai Kaka ta ce tun daga ranar bakinsa ya bushe, 'ya'yansa suka zama itace, mutane suka laƙaba masa sunan dabbar da ya yaudara. Babban kuwa ya ci gaba da zaƙinsa. Yarinyar ta girma ta zama kyakkyawa, kullum tana zuwa wajen babban, wanda ya ba da ɗan'uwanta, ta sha 'ya'yansa, ta yi ado da ƙwayarsa. Ƙaramin ko kallonsa ba ta yi.

"Baƙuwa ta tashi," in ji Kaka. "Wanda bai ƙoshi ba shi lashe hannunai."

Sa'a ce ta fara magana. "Kaka, kin yi ɓatan kai. Mai ceto shi za a bar wa zaƙi."

"Abin da anka ba ni shi na ba ku."

Ni kuwa kaina ya ɗaure ta wani wajen. A makon nan Innarmu ta zane ni da tsumagiya don na zubar da nono na ce akuya ce. Ta ce maƙaryaci ba ya jin ƙamshin Aljanna. Ke nan bushewar bakin ƙaramin gauɗe daidai ne. To yaron da ke ɗaure a bayan Kura fa? Na ce, "Kaka, cikinsu wane na mai kirki?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Hajo, in Kura na biye da ke, ƙarƙashin wane za ki shiga?"

"Ƙaramin."

"In kina jin yunwa hwa?"

Ta ce a watsa wuta.

Shekarar ana cikin babban yaƙin Turawa. Mu yara ba mu san kan sa ba, sai dai fatake masu kawo kanwa daga arewa suna cewa Faransa na kwasar samari, wasu aikin hanya, wasu soja. Wata rana da la'asar ayarin jakuna ya sauka a gindin tsamiyar tungarmu, wani saurayi ya rabu da su ya shigo gidanmu ba sallama mai ƙarfi. Ya durƙusa gaban Kaka, ta riƙe kansa da hannu biyu. Sunansa Nomau. Ɗan ƙanwarta ne da aka aurar can wajen Tibiri, a ɓangaren Faransa, tun da daɗewa. An zo kama shi ya tsallake darni ya gudo.

Kafin magariba Kaka ta tara mu. Ta ce, "Wanga Baffanku na. Ni na haihe shi, ƙanen ubanku na ciki guda. Can wajen Isa shi ka noma, yanzu ya dawo gida. Ko wa yat tambaye ku, abin da za ku hwaɗi ke nan."

Na dubi Innarmu, mai tsumagiya. Ta sunkuyar da kai tana tsince wake.

Ƙaryar ba ta yi wuyar zama ba. Tsagen Gobir da ke fuskar Baba shi ne a fuskar Baffa Nomau, harshensu ɗaya, har tafiyarsu ta yi kama. Mutum ne marar yawan magana. Ya saro rassan gauɗe ya gyara shingen awaki da ya shekara biyu a kwance. Ya sassaƙa mini 'yar muciya daidai hannuna. Abu ɗaya na lura da shi, ba ya zama ya ba ƙofa baya, ko da tuwo yake ci.

Da dare yakan zauna nesa kaɗan da wutarmu, a kan turmi, yana murza igiya. Wani dare 'ya'yan maƙwabta suka roƙi Kaka ta yi ta gauɗe. Ta dubi wajen turmin, sannan ta fara. Komai ya tafi yadda muka sani har Kura ta tasa yaron gaba. Sai Kaka ta ce babban gauɗe, da ya ga abin da gaskiyarsa ta jawo, baƙin ciki ya busar da shi, 'ya'yansa suka zama itace, mutane suka ce ai wannan na Kura ne. Ƙaramin kuwa Allah ya yafe masa rantsuwar, ya ƙara masa zaƙi.

Sa'a ta tafa hannu don murna. Ni na ji kamar an juya mini ɗaki ina barci.

"Kaka, ran nan ba haka kinka ce ba."

"Ran nan da yau ɗaya na?"

"To wacce ta ta gaskiya?"

"Tatsuniya kika tambaya gaskiya? Matsa, kin tare min wuta."

Baffa Nomau ya yi 'yar dariya daga kan turminsa. Ita ce dariyarsa ta farko da na ji a gidanmu.

Na kwana ina juya abin. In ƙarya ke busar da baki, Kaka ta sa mu a hanyar bushewa. In gaskiya ke busarwa, Innarmu ta doke ni a banza. Har na je bayan gari ni kaɗai na tsaya gaban wani gauɗen kura na daɗe ina kallonsa, kamar zai gaya mini laifin da ya yi.

Bayan kamar wata biyu, wata rana da yamma, mai unguwa ya shigo gidanmu. Bai nemi Baba ba, ɗakin Kaka ya nufa. Suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya fita. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Abin da na sani shi ne daren nan ba a hura wuta ba.

Washegari da hantsi ina dawowa daga rijiya da ɗan tuluna, na tarar da mutane a ƙofar gida. Ga mai unguwa, ga wani dogari da ya zo daga wajen hakimi, ga Baba da Baffa Nomau a tsugune, Kaka na tsaye a bakin zaure. Mun riga mun ji cewa an ba da umarni duk wanda ya gudo daga ƙasar Faransa a mayar da shi. Dogarin ya hango ni ya yafito ni da hannu.

"Ke yarinya, aje tulun. Manya sun iya gyara magana, yaro bai iya ba. Wanga mutum mi na gare ki?"

Gauɗen nan biyu suka tsaya mini a ido, na rasa wanda ya bushe a cikinsu. Na dubi Kaka ko za ta yi mini alama. Yatsunta take kallo.

Na ce, "Baffana na. Kaka ta haihe shi."

"Nan gidan?"

"Nan gidan."

Dogarin ya gyaɗa kai, ya juya wajen mai unguwa. "To, magana ta yi sauƙi. Gida mai maza biyu ke nan."

Sai a lokacin na ji aike na biyu da ya zo da shi. Turawan wajenmu su ma suna son hannuwa, a kai su haƙar kuza can kan duwatsun kudu, kuma gidanmu na cikin waɗanda aka nuna. Da Baba kaɗai ne namiji a gidan, shi za a ɗauka. Tunda su biyu ne, sai a ɗauki marar iyali.

Kalma ɗaya ta ishi Baffa Nomau ya warware komai, ya ce shi ba ɗan gidan ba ne. Sai dai in ya faɗa, shi a ɗaure shi a yi arewa da shi, Baba kuma a yi kudu da shi. Baba ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya dafa masa gwiwa.

"Ni za ni tahi," in ji shi. "Yayana na da iyali."

Ya shiga ya ɗauko bargonsa da buta. Kaka ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin gero a tsumma. Da zai wuce ni ya ce, "Hajo, ɗauki tulunki, rana na dukan ruwan." Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Aka haɗa shi da wasu mutum huɗu aka yi hanyar Isa da su, daga can aka ce Ƙaura za a kai su a sa su jirgin ƙasa.

Na yi kwanaki ina taɓa harshena da yatsa in ji ko ya fara tauri. Bai yi ba. Innarmu ta dafa mini ƙwai a ɓoye, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma ba ta ce don me ba. Baba ya daina kallona ido da ido har damina ta faɗi. Ban san ko abin kirki na yi ko mugun abu ba, kuma duk gidan babu wanda ya gaya mini.

Baffa Nomau bai dawo ba. Cikin mutum huɗun nan biyu sun dawo a rame. Ɗayansu ya ce sanyin duwatsun ba irin namu ba ne, ya ce ya ga Nomau yana tari sosai, daga nan aka raba su rami, bai ƙara ganinsa ba. Iyakar labarin da muka samu ke nan.

Kaka ta ci gaba da zanenta, ta ci gaba da tatsuniya lokacin ɗari. Amma in aka ce ta yi ta gauɗe sai ta ce ta manta ta. Ni kuwa da na ƙara wayo wata tambaya ta tsiro mini wadda ta fi ta farko nauyi. Me mai unguwa ya gaya mata a yammacin nan? In zancen masu gudowa kawai ya kawo, to Kaka ɗan ƙanwarta ta so ta ɓoye, ƙaddara ta biyo ta bayan gida. In kuwa ya gaya mata zancen kuza, to ta kwana da sanin wanda ƙaryar za ta ceta da wanda za ta bayar, kuma ba ta ce wa Nomau ya gudu cikin dare ba.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. Ana gobe za a kai ni ɗakin mijina, tana yi mini zane, haɓata na cikin hannunta. Na ce, "Kaka, ran da mai unguwa ya zo, kin san da zancen kuza?"

Tsinken ya tsaya a goshina.

"Riƙe kanki," ta ce. "Zanen na karkacewa."

Ta rasu ina da 'ya'ya biyu, Turawa ba su kai ga tafiya ba tukuna. Ranar addu'ar bakwai wata dattijuwa ta iso daga arewa a kan jaki. Gwaggo Kulu ce, yayar Baffa Nomau. Bayan an yi gaisuwa ta jawo ni gefe, ta ce tun tana hanya ake ba ta labarin yarinyar da ta tsaya gaban dogari ta rufa wa ƙanenta asiri. Ta yi ta sa mini albarka. Ta ce mahaifiyarsu ta rasu cikin kwanciyar rai, domin Kaka ta aika musu ta bakin masu kanwa cewa Nomau ya yi kudu fataucin goro, ya yi aure can, har ya haihu. Kusan kowace shekara, in ji ta, sai saƙon Kaka ya iso da gaisuwarsa.

Baba na zaune kusa, yana jin mu. Ya tashi ya sa takalmansa ya fita.

"Ke kin taɓa ganin ɗiyan nai?" in ji Gwaggo Kulu. "Da wa sunka yi kama?"

Ga ni babbar mace da goyo a baya, amma na sake tsayawa gaban tambaya irin ta dogarin nan. Wannan karon babu ma wanda za ni duba.

Na ce, "Ban taɓa ganin su ba, Gwaggo."

"Nisa na," ta ce. "In ya aiko, ki ce mishi Inna ta yahe mai rashin zuwa."

Na ce to.

Na daɗe ina zaton in na girma za ni gane wanne ne ƙarshen tatsuniyar na ainihi. Na girma, na tsufa, abin da na samu kaɗan ne. Ina ganin Kaka ba wasa take yi da hankalinmu ba. Ita ma ba ta sani ba, kuma ba ta yarda ta ba mu tabbacin da ba ta da shi ba. Wani lokaci in ce ta cuci ƙanwarta, ta hana ta kukan ɗanta da yi masa sadaka. Wani lokaci in ce ta ɗauke mata kaya ne ta ɗora wa kanta, shekara da shekaru tana ƙirƙiro gaisuwar mamaci. Ni kaina ban san sunan abin da na gaya wa Gwaggo Kulu ba. Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki, amma ta tafi da abin da ba haka yake ba.

Da za ta hau jakinta ta kwance ƙullinta ta fito da wani ɗan zane saƙi, fari da ratsin shuni, wanda ta ce ita ta kaɗa zarensa. Ta ce in an sami mai zuwa kudu a kai wa babbar ɗiyar Nomau, ta san tana da gwaggo. Na karɓa da hannu biyu.

Yana nan cikin adakata. Sau biyu na ɗauko shi za ni bayar sadaka, sau biyu na ninke na mayar, domin ba ni aka ba ba.